Yadda Za A Raya Sha'awar Yaro Ga Wasan Haɗa Hoto A Gida

Yaron da bai kai shiga firamare ba, wanda aka saba ganinsa yana tsalle daga kujera zuwa ƙasa ba hutawa, wata rana sai a tarar ya yi tsit a kusurwar ɗaki, ya sunkuyar da kai a kan wasu guntayen kwali, yana jujjuya ɗaya a hannunsa yana neman inda zai shiga. Wannan shi ne wasan haɗa hoto, wato hoto guda da aka manna a kan kwali ko katako, aka yayyanka shi guntu-guntu, kowane guntu da kansa da gurbinsa, ta yadda ba zai zauna daram ba sai a mazauninsa. Idan sha'awar wasan ta kama yaro takan kama shi da ƙarfi, har ya riƙa wargaza hoton da ya gama haɗawa domin ya sake haɗa shi a karo na biyar. Aikin iyaye a wannan lokaci ba shi da yawa, amma yana buƙatar lura, domin mafi yawan kuskuren da ake yi daga kyakkyawar niyya yake fitowa. Ko dai a kawo wa yaro abin da ya fi ƙarfinsa, ko kuma a yi ta sa masa hannu har wasan ya tashi daga nasa ya koma na babba.

Tun asali wasan na koyarwa ne. A shekarun 1760 wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, ya riƙa manna taswira a kan siririn katako yana yanke ta bisa iyakokin ƙasashe, domin yara su koyi labarin ƙasa ta hanyar mayar da kowace ƙasa wurinta. Irin na kwali da inji ke yankawa ya bazu sosai ne a shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arziki a Amurka, sa'ad da mutane suke neman abin ɗebe kewa a gida mai araha.

Amfaninsa ga ƙananan yara kuwa an yi bincike a kansa. A shekarar 2012 Susan Levine da abokan aikinta na Jami'ar Shikago suka wallafa sakamakon bibiyar da suka yi wa yara 53 a gidajensu, inda suka riƙa ziyartar su duk bayan wata huɗu daga lokacin da suke da wata 26 har zuwa wata 46. Da yaran suka kai wata 54 aka gwada su, sai aka tarar waɗanda aka gani suna wasan haɗa hoto sun fi sauran iya juya siffa a cikin tunaninsu da gane yadda za ta kasance idan aka haɗa ta da wata. Binciken na lura ne, saboda haka bai tabbatar da cewa wasan shi kaɗai ne sanadi ba, amma bambancin ya tsaya ko bayan an yi la'akari da ilimin iyaye da abin da suke samu da yawan maganar da suke yi da 'ya'yansu. Akwai wani abu a cikin wannan binciken da ya fi tsaya mini a rai, kuma zan dawo kansa a gaba.

Mataki na farko: auna yaron kafin a zaɓi wasan

Shekarun da ake rubutawa a jikin kwalin wasa kimantawa ce kawai, kuma yara biyu masu shekaru ɗaya suna iya bambanta ƙwarai gwargwadon yadda kowannensu ya saba da wasan. Duk da haka akwai tsani da mafi yawan yara suke bi. Ana farawa da allon katako mai guraben siffofi, inda kowane guntu cikakken abu ne, kamar mota ko kifi ko da'ira, yana da ɗan mariƙi a samansa, kuma yana da gurbinsa shi kaɗai. Daga nan sai hoton da aka raba biyu ko uku ko huɗu. Daga nan sai mai firam, wanda guntayensa suke haɗuwa da juna a cikin wani allo mai baki da ke riƙe su. A ƙarshe sai wanda ba shi da firam ko kaɗan, yaro ne zai gina gefensa da kansa. Ɗan shekara uku yakan yi daidai da guntu 6 zuwa 12, ya kai 24 idan ya saba. Ɗan shekara huɗu yakan kai tsakanin 24 da 48, ɗan biyar kuma ya wuce haka idan wasan ya shiga ransa.

Hanyar da ta fi waɗannan alƙaluma inganci ita ce ku zauna ku kalli yaron yana haɗa wanda yake da shi yanzu, ba tare da kun ce masa komai ba. Idan hannunsa yana tafiya ba tsayawa, yana hira ko yana waƙa, bai ma duba guntun sosai ba kafin ya ajiye shi, to ya haddace wannan, lokaci ya yi da za a ƙara masa. Idan ya gwada guntu uku ko huɗu babu wanda ya shiga, ya fara ture su ko ya tashi ya bar wurin, to an yi masa nisa. Wanda ya dace da shi shi ne wanda zai tsaya a wurare biyu ko uku ya yi tunani, ya ɗan sha wuya, amma ya gama a zama ɗaya. Masanin halayyar ɗan Adam na Rasha, Lev Vygotsky, ya yi bayani a kan tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan wani ya ɗan tallafa masa, kuma a cikin wannan tazarar ce koyo yake faruwa. Wasan da za ku zaɓa ya faɗa cikinta.

Akwai kuma bambanci na gaske tsakanin ɗan uku da ɗan huɗu da ya kamata a sani. Wani bincike da Martin Doherty ya jagoranta a Jami'ar East Anglia ta Ingila, wanda ya fito a shekarar 2020, ya nuna cewa 'yan shekara uku sun fi dogara ga gwaji, su sa wannan su cire su sa wancan, alhali 'yan huɗu sun fara amfani da abin da ke cikin hoton wajen gane inda guntu zai je. Ma'anar wannan ga iyaye ita ce, idan kuka ce wa ɗan uku ya duba hoton da ke jikin kwali ya ga inda guntun yake, kuma kuka ga bai amfana da hakan ba, ba taurin kai ba ne. Fahimtar cewa ƙaramin hoton kwalin yana wakiltar abin da yake ginawa a gabansa ita ce ba ta nuna ba tukuna, kuma za ta zo da kanta.

Mataki na biyu: duba hoton da kayan da aka yi shi da su

Yawan guntaye ba shi kaɗai ne ke sa wasa ya yi wuya ba. Hoto mai guntu 24 wanda rabinsa sararin sama ne mai launi ɗaya ya fi mai guntu 35 wuya, idan shi na biyun yana cike da abubuwa mabambanta, kowanne da launinsa. Ku nemi hoton da kusan kowane guntunsa yake ɗauke da wata alama da yaro zai iya kiran sunanta, kamar ido, taya, ganye, taga ko wutsiya. Ku guje wa hoton da abu ɗaya yake maimaituwa a cikinsa sau da yawa. Abin da yaron yake so a wannan lokaci shi ne zai ja shi, saboda haka idan hankalinsa yana kan jiragen sama ko dabbobi, hoton da ke da su zai zaunar da shi fiye da wanda ya fi shi kyau a idon babba.

Ku taɓa guntayen da hannunku. Kwali mai kauri wanda ba ya lanƙwashewa shi ne na yara, domin siririn kwali yakan kumbura a baki bayan 'yan kwanaki, sai guntun ya daina shiga ko da an sa shi a daidai wurinsa, yaron kuma ya ɗauka shi ne ya yi kuskure. Haka nan wanda aka yanka da sakaci, har guntu ɗaya yana iya shiga gurbi biyu, yana rikita yaro, saboda ya rasa abin da zai tabbatar masa cewa ya dace. Kyakkyawan wasa shi ne wanda da kansa yake gaya wa yaro e ko a'a, ba sai babba ya yi magana ba.

Batun lafiya ba a yi masa sakaci. Ƙa'idar kayan wasa a Amurka da Turai tana amfani da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, kuma duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana ɗaukarsa haɗari ne ga yaron da bai kai shekara uku ba, domin yana iya maƙale masa a maƙogwaro. Wannan ya shafe ku ko da mai wasan ya haura uku, matuƙar akwai ƙaninsa mai rarrafe a gidan. Ku riƙa jan mariƙan allon katako lokaci-lokaci ku ga ko sun fara girgiɗi, ku cire duk wanda fentinsa yake ɓarewa. Irin allunan da suke yin ƙara idan an sa guntu suna amfani da batir, wasu da ɗan ƙaramin batir mai kama da maɓalli, wanda haɗiye shi yana ƙona maƙoshi cikin 'yan sa'o'i, don haka murfinsa ya kasance a ɗaure da ƙusa mai juyawa. Masu maganaɗisu ma a tabbatar maganaɗisun ba zai ɓalle ba.

Mataki na uku: shirya wurin

Ana buƙatar wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. A kan kafet mai laushi ko katifa guntaye ba sa kamawa, kuma da yaro ya danna wannan gefe sai wancan ya tashi. Ƙaramin tebur daidai tsawonsa ya yi, daɓen ɗaki ma ya yi. Abin da ya fi shi ne a sami faifan katako ko babban tire marar zane a keɓe wa wasan, domin yana hana guntaye watsewa, kuma idan ba a gama ba ana iya ɗauke shi gaba ɗaya a ajiye a sama har zuwa anjima. Haske ya wadata, talabijin a kashe, kuma a zaɓi lokacin da yaron ba ya jin yunwa ko barci.

Mataki na huɗu: zaman farko da sabon hoto

A nan ne ake samun yaro ko a rasa shi. Idan aka buɗe sabon kwali aka zazzage masa guntu 24 a gabansa a cakuɗe, wasu a kife wasu a buɗe, abin da yake gani tuli ne kawai wanda bai san ta inda zai kama ba. Dabarar da ta fi aiki ita ce a fara daga ƙarshe. Ku haɗa hoton da kanku tun kafin ya zo, ko ku haɗa tare a karon farko, sannan ku zauna ku kalle shi tare kuna kiran sunayen abubuwan da ke ciki. Bayan haka ku cire guntu biyu ko uku kacal daga wurare mabambanta, ku ajiye su a gefe, ku bar shi ya mayar. Zai yi nasara nan take, kuma zai ɗanɗani daɗin ganin hoto ya cika a hannunsa. Sai ku cire biyar, sai ku cire layi guda, sai rabin hoton, har ranar da shi da kansa zai kife duka ya ce zai yi daga farko. Wannan na iya ɗaukar zama ɗaya, yana iya ɗaukar mako guda, kuma babu dalilin gaggawa.

Idan aka kai ga farawa daga tushe, abu na farko da za a koya masa shi ne juya kowane guntu ya kalli sama da baza su ta yadda babu wanda ya hau kan wani. Aiki ne mai sauƙi da yaro yake jin daɗinsa, kuma yayin da yake yinsa idonsa yana wucewa ta kan kowane guntu, abin da zai taimake shi daga baya.

Manya sun saba da fara haɗa gefuna da kusurwoyi, kuma sukan so su ɗora wa yaro wannan tsari tun ranar farko. Ni ban ga amfanin hakan ba ga ɗan uku, har ma da 'yan huɗu da yawa. Yaro ba ya ganin firam, fuska yake gani, ko jar mota, ko kan raƙumin dawa, kuma daga abin da ya gane yake fara gini yana faɗaɗawa. Wannan hanya ce ingantacciya, a bar shi a kanta. Abin da za ku iya yi shi ne ku taya shi tara guntayen abu ɗaya wuri guda, ku ce a nemo duk masu ja, ko duk waɗanda ke da gashin zaki. Maganar gefe tana zuwa daga baya, kuma ta hannu take shiga. Ku kama yatsansa ku bi da shi ta miƙaƙƙen bakin guntu, ku ce wannan gefen santsi ne, ba shi da kai ba shi da gurbi, sannan ku tambaye shi ko zai samo wani irinsa. Ranar da ya gano da kansa cewa guntu mai miƙaƙƙen baki biyu kusurwa ce, kuma guda huɗu ne kacal a kowane hoto mai kusurwa huɗu, zai riƙa farautarsu da farko ba tare da an ce masa ba.

Mataki na biyar: taimako da baki, hannu a cinya

Wannan shi ne matakin da ya fi wuya, kuma wuyarsa a kan babba take. Kuna zaune kuna ganin guntun da ake nema yana nan dab da gwiwar yaron, yana ta gwada wani daban, hannunku yana ƙaiƙayi. Idan kuka ɗauka kuka sa masa, hoton ya ci gaba, amma abin da yaron ya koya shi ne cewa idan abu ya cije sai a jira babba. Taimako hawa-hawa ne, ana farawa daga mafi ƙanƙanta, ba a hawa na gaba sai na baya ya gaza.

Hawa na farko shiru ne. Ku ƙirga goma a zuci kafin ku ce komai, domin sau da yawa a cikin wannan ɗan lokacin yake gano abin. Idan ya ɗago ya ce, "Mama, ya ƙi shiga," hawa na biyu shi ne a mayar da hankalinsa kan gurbin da tambaya: "Me kake gani a bakin wurin nan? Wane launi ne ya yanke?" Idan ya ce shuɗi ne da ɗan fari, to ya riga ya san abin da zai nema. Hawa na uku shi ne rage masa zaɓi, a ture guntu uku gabansa a ce yana cikin waɗannan. Hawa na huɗu shi ne a nuna guntun da yatsa, a bar masa aikin juyawa da sakawa. Ko a hawa na ƙarshe, inda za ku ajiye guntun kusa da gurbinsa yana fuskantar daidai, shi ne zai tura shi ya danna.

Juyawa ita ce abin da ya fi ba ƙananan yara wahala. Yaro yakan ɗauki guntun da ya dace, ya kai shi wurin da ya dace, amma a karkace, ya danna sau biyu, ya jefar da shi ya ɗauki wani. Kalma ɗaya ce maganin wannan: "Juya shi kaɗan ka gani." Idan bai gane ba, ku ɗauki wani guntu daban ku nuna masa yadda ake juya shi a kan tebur sannu a hankali, gefe bayan gefe, har sau huɗu. Idan kuma ya tilasta wa guntu shiga inda ba nasa ba, kada ku yi saurin cirewa. Ku ce ya duba hoton, ku tambaye shi ko ƙafar dokin ta haɗu da jikinsa. Gara ya ga kuskuren da idonsa ya gyara, domin wannan dubawar ita ce ainihin abin da wasan yake koyarwa.

Kalmomin da kuke amfani da su suna da nauyi. Maimakon "sa shi can" ko "ba nan ba," ku riƙa faɗin sama da ƙasa, dama da hagu, tsakiya, gefe, kusurwa, miƙaƙƙe, lanƙwasasshe, dogo, gajere, kusa da, tsakanin. Waɗannan su ne kalmomin da yaro zai riƙa tunanin siffa da wuri da su, kuma wasan haɗa hoto yana daga cikin 'yan lokutan da suke fitowa a hira ba tare da an ƙaƙalo su ba. A nan zan koma ga abin da na ce ya tsaya mini a rai a binciken Levine. Masu binciken sun lura cewa yara maza sun fi samun hotuna masu wuya, kuma iyayensu sun fi yi musu irin waɗannan kalmomi yayin wasan fiye da yadda ake yi wa mata. Wannan rashi ne da ake jawo wa 'ya mace ba tare da an sani ba, kuma gyaransa a hannun iyaye yake. A ba ta mai wuya daidai ƙarfinta, a yi mata magana irin wadda za a yi wa ɗan'uwanta.

Wajen yabo ma akwai abin lura. Masana halayyar ɗan Adam Carol Dweck da Claudia Mueller sun nuna a wani bincike na shekarar 1998, a kan 'yan makaranta masu kimanin shekara goma, cewa waɗanda aka yaba wa basira sun fi gudun aiki mai wuya daga baya, alhali waɗanda aka yaba wa ƙoƙari sun fi jurewa. Yaran sun girmi waɗanda muke magana a kansu, amma darasin ya dace da teburin wasa. Maimakon "kai gwani ne," ku faɗi abin da ya yi: "Na ga ka juya shi har sau uku kafin ya shiga," ko "Ka lura da jan layin nan, shi ya kai ka." Guntun ƙarshe kuwa nasa ne a kowane hali, ko da tare kuka yi aikin tun daga farko.

Mataki na shida: idan rai ya ɓaci

Za a yi kuka wata rana, za a watsar da guntaye. Ɗan ɓacin rai ba abin gudu ba ne, domin jure shi yana cikin abin da ake koyo, amma idan ya kai ga kuka to tunani ya tsaya, babu amfanin ci gaba. Ku faɗa masa abin da kuka gani, cewa wannan wurin ya ba shi wuya kuma ya ji haushi, sannan ku ba shi zaɓi tsakanin a nemi wani ɓangaren hoton ko a ɗauke tiren a dawo anjima. Kada a tilasta masa gamawa, kada kuma a gama masa a bayan idonsa, domin idan ya dawo ya tarar an cike hoton, an ƙwace masa abin da ya dawo dominsa. Idan hoto ɗaya ya jawo rigima sau biyu ko uku a jere, a ɓoye shi na wata ɗaya ko biyu a koma ga mai sauƙi. Sau da yawa idan aka sake fito da shi sai a ga ya haɗa shi kamar bai taɓa ba shi wahala ba.

Mataki na bakwai: ƙara wuya ba tare da tara kaya ba

Iyaye sukan damu idan yaro ya nace wa hoto ɗaya yana maimaita shi kullum. Maimaitawar tana da amfani, domin a cikinta hannunsa yake ƙwarewa, kuma yana jin daɗin abin da ya iya. A bar masa tsohon, a ajiye sabon kusa da shi. Idan za a ƙara yawan guntaye, a ƙara kaɗan-kaɗan, daga 12 zuwa 20 ko 24, daga 24 zuwa 35 ko 48, kada a yi tsalle daga 24 zuwa 100 don kawai ya gama na farkon da sauri.

Tsohon hoto ma ana iya sabunta shi. A ɓoye kwalin ya haɗa ba tare da kallon samfuri ba. A fitar da mai firam daga firam ɗinsa ya haɗa shi a kan tebur. A cakuɗa guntayen hotuna biyu da ya sani, ya fara rarrabe su kafin ya haɗa kowanne. Ga wanda ya ƙware sosai, a kife ƙaramin hoto ya haɗa shi ta baya, inda babu abin dogaro sai siffa. Hotuna uku ko huɗu a waje sun isa, sauran a ajiye a riƙa musanyawa duk bayan 'yan makonni, kuma musanya da wasu iyaye masu yara tsaransa tana kawo sabo ba tare da an saya ba.

Na gida ma yana da daɗi, wani lokaci ya fi na saye shiga ran yaro. A manna hoto mai haske, ko zanen da shi ya yi da hannunsa, a kan kwali mai kauri, a bar shi ya bushe a ƙarƙashin littafi mai nauyi, sannan babba ya yanka shi gida huɗu ko shida da layuka masu ɗan lanƙwasa. Idan ya saba da shi, a sake raba kowane guntu biyu.

Game da irin wanda ake yi a waya ko kwamfutar hannu, ba daidai yake da na kwali ba. A yawancinsu guntun yana zuwa a miƙe, kuma da an ja shi kusa da gurbinsa sai ya faɗa da kansa, wato an cire juyawa da daidaitawa, waɗanda su ne rabin aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2019 cewa zaman kallon allo ga yara 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce sa'a ɗaya a rana, kuma wasan waya yana cikin wannan lissafi.

Idan akwai wa ko ya a gidan, a kula kada su riƙa karɓe wasan saboda sun fi sauri. A raba musu aiki a babban hoto, kowa da ɓangarensa, ko a ba kowa nasa. Kuma yayin da kuke zaune kusa da yaron, ku lura da idonsa. Idan yana kai guntu dab da fuskarsa kafin ya gane shi, ko yana kanne ido, ko yana yawan rikita ja da kore bayan ya san sauran launuka, ku ambata wa likita, domin matsalar gani da ta rarrabe launi ana iya gwada su tun a wannan shekaru, kuma ta launi ta fi yawa ga maza.

Mataki na takwas: ajiya da guntun da ya ɓace

Hoton da ya rasa guntu ɗaya yana sare gwiwar yaro, musamman idan sai a ƙarshe ya gano. Ranar da aka buɗe sabo, ku kife guntayen ku yi wa bayan kowanne alama iri ɗaya da alƙalami, wannan hoton ɗigo ja, wancan gicciye shuɗi, domin duk guntun da aka tsinta a ƙarƙashin kujera a san gidansa nan take. Kwalayen sukan yage da wuri, don haka a zuba guntaye a jaka mai zif, a yanko hoton murfin a sa a ciki, a rubuta adadin guntayen a jiki. Jakar leda a ajiye ta inda jariri ba zai kai ba. Tattarawa ta zama ɓangaren wasan, yaron yana zubawa kuna ƙirgawa tare, kuma idan lissafi bai cika ba a nema a lokacin, kafin a share ɗaki.

Idan guntu ya ɓace ɓat, ana iya yin madadinsa. A haɗa hoton gaba ɗaya a kan kwali mai kauri irin nasa, a bi bakin gurbin da fensir mai tsini, a yanke siffar da ƙaramar wuƙa ko almakashi, a gwada ta a rage inda ya yi yawa har ta zauna. Idan kwalin bai kai kauri ba a manna biyu. Sannan a ba yaron fensiran launi ya duba abin da ke kewaye da gurbin, ya zana abin da ya ɓace da hannunsa, a yi wa bayan sabon guntun alamar 'yan'uwansa a jefa shi cikin jakar.